Motar Auta Mai Kujera Biyu

Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinka, ya mutanen gida? Ni lafiya lau nake, haka maijego da jaririya. Kada ka sa damuwata a ranka.

Sai dai motar Auta. Ja ce, kujera biyu kacal, ta lafe a ƙasa kamar ƙadangare. Na tambaye shi dalilin sayenta, ya ce, "Mama, tun ina firamare nake zana irinta a bayan littafi, kina ja mini kunne." Na ce magidanci ba ya sayen abin wasa. Dariya ya yi.

Ranar da aka sallamo matarsa daga asibiti, tasi muka shiga da jaririya, shi ya biyo mu shi kaɗai. Ya ce ya yi nadama, amma kullum sai ya goge ta.

Gwiwata ba ta barina in durƙusa in shiga, ga shi ban iya yarensu ba balle in hau bas. Wata biyu ke nan ta taga nake kallon garin. Ka aiko mini da man zafi. Kuma ka kira shi, ko zai ji taka. Tawa ta ƙare.

Allah ya shirya mana shi.

Matarka