Na Yanke Filafilin Ɗana

Malam Abdulghaffar, don Allah ka taimake ni da shawara. Na yi ɓarna a gidana da hannuna, kuma da niyyar alheri na yi ta. Kada ka sa sunana, mutanen unguwarmu Khumra, a nan Jidda, sun san ni.

Bari in fara da abin da ya ruɗe ni, don na san ba ni kaɗai ba ne. Wannan dogon allon da samari ke hawa a ruwan tekun Abhur, can ɗaya gefen Jidda, suna tuƙawa a tsaye, ni na ɗauka kwale-kwale ne da aka manta ba a fafe cikinsa ba. Ni kuwa ɗan Sarkawa ne, masuntan kogi, daga Gaya ta bakin kogi, a cikin jirgi na yi rarrafe. Yau shekaruna sun haura ashirin ina tuƙa motar kaya a wani sito a nan Khumra, ɗaurin kaya shi ne abincina. To ruwa na sani, igiya na sani. Me ya rage a koya mini?

Ina da ɗa, zan kira shi Musbahu. A nan aka haife shi, bai taɓa ganin kogin garinmu ba. In na yi masa Hausa sai ya amsa da Larabci, amsar ma ba ta wuce “tayyib” da “halas”, wato “to” da “shi ke nan”. Ba ya rashin kunya, ba ya shaye-shaye, sallarsa ba ta wuce shi, amma tun da ya fara tsawo muka zama kamar baƙi biyu a masauki ɗaya. Abokinsa Idris ne ya fara kai shi Abhur, inda yayan Idris ɗin ke aiki a bakin ruwa. Daga nan yaro ya kamu da son allon nan. Ya yi aikin hutu, ya je haraj, kasuwar gwanjo, ya samo na hannu, da filafilinsa da wata igiya mai lanƙwasa kamar wayar tarho. Sai ga shi ya zo da kansa, da Hausarsa mai tsami, yana roƙona in kai shi ranar Alhamis da motata. Malam, rabon da yaron nan ya roƙe ni wani abu har na manta. Uwarsa Zubaidatu ta ce ranar har waƙa ta ji ina yi a banɗaki.

Ranar Laraba yana makaranta na ɗauko kayan in duba. Na ga filafilin ya fi yaron tsawo. Na ce ai wannan na wani dogon Bature ne, an cuci yaro. Na kawo zarto na yanke shi daidai ƙirji, yadda mahaifina ke yi, na mayar da mariƙin, na goge bakin sumul. Na so ya zama kyauta. Sai kuma na gane igiyar nan a ƙafa ake ɗaura ta. A wurinmu ba a shiga ruwa da igiya a ƙafa. Ina yaro na ga yadda aka tsamo gawar wani maƙwabcinmu da igiyar taru ta riƙe, kuma ya fi kowa iya iyo. Na cire ta na jefa a aljihun mota, ban faɗa masa ba.

Da safe na ɗora allon a kan rufin tsohuwar motata Kurasida, na shimfiɗa bargo, na zura igiya ta tagogi na ɗaure tamau. Sai da na gama na ga ƙofofi sun ƙi buɗuwa. Ta taga muka shiga, ni da furfurata, maƙwabta na kallo. Shi dai ya yi dariya, ni ma na yi, har na ji daɗi. Da muka hau babban titi igiya ta fara kuka kamar gurmi, gaban allon yana ɗagawa yana sauka. Na tsaya na ɗauko bel ɗin aikinmu mai hannun matsewa, na yi ta matsawa har na ji wani ƙas. Gefen allon ya lotsa.

A bakin ruwa abokansa suka ga filafilin suka fashe da dariya, wani ya ce a kai wa ƙanwarsa. Musbahu ya nemi igiyarsa bai gani ba, yayan Idris kuma ya ce ba ya barin kowa ya shiga babu ita. Yaron ya juya kawai. Ya ɗauki allonsa ya mayar kan mota. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Yanzu “tayyib” ɗin ma ta ɗauke, allon yana jingine a bayan ƙofa, uwarsa ta ce taurin kanmu iri ɗaya ne.

Ka gaya mini yadda ake ɗaukar abin nan a mota, da irin kayan da ya kamata in nema. Amma abin da ya fi damuna igiyar ce. Tana nan a motata. In na ba shi, ina jin kamar na miƙa masa ajali. In na hana, ƙofar da ya buɗe mini sau ɗaya ta rufe ke nan.

Ɗan Sarkawa, Khumra

Ɗan'uwana Ɗan Sarkawa, amincin Allah ya tabbata a gare ka da iyalinka.

Na yi dariya a wurin shiga ta taga, ka yafe mini, amma daga nan ban sake yi ba. Ƙofar nan ba ta rufe ba. Yaron da ya fid da rai ba ya ajiye allo a bayan ƙofa inda uba zai gan shi kullum. Da ya mayar da shi haraj tuni.

Mu fara da igiyar, tun da ita ce ke hana ka sukuni. Dokar Sarkawa gaskiya ce, kuma ba zan ce maka tsoron banza kake yi ba. A kogi ruwa tafiya yake yi. Igiya ta sarƙe da saiwa ko taru, ruwa ya danne mutum, shi ke nan. Ko masu wannan allon, waɗanda suka san abin da suke yi, ba sa ɗaura ta a idon sawu in kogi mai gudu za su shiga. Sai dai Abhur ba Gaya ba ce. A nan abin tsoron iska ce. Allon ba shi da nauyi, kuma yana saman ruwa gaba ɗaya. Yaro ya faɗo, iska ta ɗan taɓa allon, sai ya tafi da saurin da babu gwanin iyon da zai cim masa. Na sha kai ɗalibaina can, na gani da idona: da hantsi ruwa lumui, kafin azahar iska ta taso. A wannan halin allon shi ne abin da yaro zai kama ya huta, igiyar kuma ita ce ke hana su rabuwa. Yayan Idris ya yi daidai da ya hana. Ka ɗauko ta daga mota, ka ɗaura a ƙafarka a tsakar ɗaki. Za ka ga maɗaurinta na manni ne, mai ɗan kunne da ake fizga ya buɗe nan take. Ka fizga har hannunka ya yarda. Sannan ka ƙara wa yaron abin da kai ka fi abokansa sani: ya nisanci inda jirage ke ɗaure, da duk inda igiyoyi ko taru ke kwance a ruwa.

Filafili kuwa, ba a cuci yaro ba. Mahaifinka a zaune yake tuƙi, shi ya sa nasa ya tsaya a ƙirji. Wanda ke tsaye yana bukatar wanda ya ɗara kansa da kamar taƙi guda. Gwajin mai sauƙi ne: ya kafa shi a ƙasa, ya ɗaga hannu sama, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa. Tun da Musbahu bai gama tsawo ba, a nemi irin wanda ake ƙara masa tsawo a rage. Na alminiyam ya ishe mai koyo, ba sai an kai ga masu tsada ba. In ka ga bakinsa ya ɗan karkata, haka aka yi shi, karkatar gaba take kallo. Na faɗa ne don kada ka ɗauko guduma.

Sai rigar ceto wadda ta kama jiki ba ta hana hannu motsi. Na san ɗan Sarkawa zai ga abin kunya ne, amma wurin akwai masu baburan ruwa da ba sa duba gabansu. A haɗa da takalmin roba mai rufi saboda kaifin duwatsun murjani da ƙayar bushiyar teku, da riga mai dogon hannu marar nauyi, da hula, da ruwan sha mai yawa. Su riƙa shiga da sassafe, a inda hukuma ta yarda a shiga, kuma kada ya tafi shi kaɗai.

Yanzu mota. Kuskurenka na gwani ne: ka ɗaure shi kamar kayan sito. Allon nan cikinsa soso ne mai tauri, bayansa ɓawo ne siriri. Bel mai hannun matsewa ya fi ƙarfinsa, ka bar shi a wurin aiki. Mafi kyau ka sa wa rufin motar ƙarafan ɗaukar kaya guda biyu, ka naɗe su da soso. In hakan bai samu ba, akwai matasai na musamman da ake ɗorawa a rufi, ko ka naɗe tawul biyu masu kauri, ɗaya gaba ɗaya baya. Ka kifa allon, wurin takawa yana kallon ƙasa. Wannan fiffiken da ke ƙasansa kamar na kifi ya kalli sama, kuma ɓangarensa ya zama shi ne a gaban mota. Kifawar na hana iska shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi, fiffiken kuma in allon ya so zamewa baya sai ya tokare da bel.

Bel biyu masu faɗi sun isa, irin waɗanda ake ja da hannu su kama da kansu. In babu ƙarafa, ka buɗe ƙofofin tukuna, ka zura bel ta cikinsu, sannan ka rufe. Ka ja har in ka girgiza allon motar ta girgiza tare da shi, ka tsaya a nan. Kukan gurmin da ka ji maganinsa murɗa bel ɗin sau ɗaya a kowane gefe. Daga Khumra zuwa Abhur ƙetare gari ne kacokan, saboda haka ka ƙara siririyar igiya daga gaban allon zuwa ƙugiyar gaban mota, ka bi layin dama a hankali, ka tsaya ka taɓa ɗaurin bayan ka ɗan yi tafiya. Filafili a cikin mota yake tafiya. Kada kuma a bar allon yana gasuwa a kan rufi a zafin ranar Jidda, ko a lulluɓe shi da baƙin tampol. Zafi na kumbura shi, ɓawon ya rabu da soson. Inuwa, ko jaka mai farin launi.

Wurin da ya lotsa a duba shi kafin komai. In akwai tsaga ko siririya ce, ruwa zai shiga ya jiƙa cikin. Masu gyaran ƙananan jiragen ruwa suna toshe irinta cikin sauƙi. Kada ya taɓa ruwa sai an gyara.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka je ka sayo duk wannan a ɓoye ka ajiye masa. Zarton ba shi ne ya fi yi masa ciwo ba. Ya kawo maka abin da ya sani, kai kuma ka gyara masa ba ka tambaye shi ba. Shi ma yana da nasa laifin, domin shiru ba ya gaya wa uba inda ya yi kuskure, kuma ya kamata ya san tsoro ne ya sa ka ɓoye igiyar, ba raini ba. To amma babba ne ke fara sauka. Ka miƙa masa igiyarsa da hannunka, ka ba shi labarin maƙwabcinku kamar yadda ka ba ni, da Hausa, zai gane ko bai mayar ba. Sannan ka ce ya raka ka kanti ya zaɓi filafilinsa. Ranar tafiya shi zai ja bel, kai ka girgiza ka gani.

Guntun filafilin nan kuma kada ka yar. Duk mai koyo a durƙushe yake farawa, a durƙushe kuwa tsawon da ka yanka shi ne daidai. Ashe naka ka yanka. Alhamis mai zuwa ka tafi da wandon da ba ka jin tausayinsa, ka sa rigar ceto, ka bar Musbahu ya ɗaura maka igiya a ƙafa, ka hau. Za ka faɗa ruwa, abokansa za su yi dariya, shi kuma zai ga yadda filafili ke shiga ruwa ba ƙara a hannun mutumin Gaya. Wannan babu wanda zai koya masa a Abhur sai kai.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gai da Zubaidatu.

Malam Abdulghaffar