Ciwon Manya

Daren Talata, daminar 1999

A shaida wa jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi cewa maƙwabcina Sabo ya sake sabuwar hula. Tun da soja suka koma bariki ya zama kansila, komai sai ya riga ni: mota, tumbi, har da hawan jini, ciwon manya. Mu malaman makaranta olsa ce rabonmu.

Yau da la'asar ya yanke jiki ya faɗi, muka kwashe shi zuwa sashen gaggawa na asibiti. Wai da ciwon kansa ya lafa sai ya ajiye magani, ya koma cin tafarnuwa. Likita biyu a kansa, ni ko kujera ba a ba ni ba. Kusa da shi wani direban Unguwa Uku ne, ciwonsu ɗaya, bakinsa har ya karkace.

Nas ta dube ni ta ce, "Baba, kawo hannunka."

Na ce, "'Yata, ni rakiya na yi."

Ta auna, ta sake aunawa. "Naka ya fi na Honarabul. Kwanta."

Ga ni a gado ina rubutu, Sabo a ƙarƙashin fanka, ni a bakin ƙofa. Bakin direban nan nake ta tunawa. Na yi kuskure, ashe ciwon ba ya duba muƙami.