Layi na Huɗu a Takardar Ustaz

Alƙahira, 9 ga Shawwal

Zuwa ga Yumma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa mai kewa, da fatan ƙafar nan taki ta yi sauƙi, 'yar'uwata Nafisa da yaranta kuma suna lafiya. Ni lafiya lau. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Ranar Talata da safe na ga wani abu da ya ƙi barin zuciyata. Na ɗauko kisra, gurasar nan tamu ta dawa, a keke zan kai shaguna, sai hanya ta bi da ni ta gaban ginin da ake sabunta takardar zama. Na tarar da mutanenmu goma sha ɗaya zaune a bakin ƙofa. Ƙofar kuwa da kwaɗo, har ya yi tsatsa. Kowannensu yana riƙe da takardar Ustaz Daffallah.

Kin tuna Ustaz, tsohon malamin nan na Atbara da ya sauke ni wata huɗu lokacin da na zo ban san kowa ba. Shi ya rubuta takardar, gaba da baya: motar da za ka hau, ofishin da za ka je, abin da za ka riƙe a hannu. Duk baƙon da ya sauka daga Sudan yakan ci ful, dafaffen waken nan, a gidansa ran Juma'a, a miƙa masa ita. Layi na huɗu ne ya ce a zo wannan ƙofa da asuba.

Mai gadin wurin, Amm Shahata, yana ganina ya ce, "Ɗan Nilu, zo ka kwashe danginka! Ofis ya koma bayan gari tun kafin azumin bara. Kullum in faɗa musu, su nuna mini takarda, sai ka ce daga sama ta sauko."

Na kwatanta musu sabon wurin. A cikinsu akwai wata Mahasin mai goyo, ranar ce ta ƙarshe a izinin zamanta. Kafin ta isa an rufe karɓar suna.

Yumma, ran Juma'a da kunnena na ji Ustaz ya tambaye ta, ta ce, "Komai ya tafi yadda ka rubuta, Allah Ya saka." A matakala na tare ta. Ta ce, "Na ci abincinsa, in buɗe baki in ce ya ɓatar da ni? Kai da ka kwana a ɗakinsa, faɗa masa mana mu gani."

A nan na gane. Shekara biyu gwiwa ta hana Ustaz saukowa daga hawa na biyar. Abin da baƙi suka faɗa masa kawai ya sani, baƙi kuwa kunyarsa suke ji. Ni ma ita nake ji. In na yi shiru, gobe wata ce za ta zauna a ƙofar nan. In na faɗa, na taɓa abu ɗaya da ya rage wa tsohon nan. Ki ba ni shawara.

Ki gaishe mini da kowa.

Ɗanki,
Taifur

Alƙahira, 2 ga Zulƙida

Zuwa ga Yumma,

Bayan sallama da tambayar lafiyarki, wasiƙarki ta iso ta hannun direban Halfa. Na riƙe abin da kika ce: in tabbatar tukuna, kuma kada a gaban mutane.

Kwana goma ina bin takardar layi-layi bayan na gama rabon kisra. Inda na samu daidai in yi zobe, inda ya mutu in ja layi. Layuka ashirin da uku ne, tara sun mutu. Likitan yara da ya ambata ya rasu. Motar da ya ce a hau ta canza hanya.

Ran Juma'a na jira baƙi suka watse, na wanke kofuna, na ajiye masa takardar a cinya. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Shekara talatin ina riƙe jan biro. Yau ɗan aji uku ne zai yi mini maki?" Na ce ni ban iya rubutu ba, keke na iya. Ya ce in ja masa ƙofa.

Kwana biyar ke nan bai aiko ba. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Taifur

Alƙahira, 25 ga Zulƙida

Zuwa ga Yumma,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah Ya sa kin tashi lafiya, ni ma haka.

Ran Litinin ɗin da ta biyo wasiƙata ta ƙarshe, bayan sallar asuba, Ustaz ya aiko. Na same shi cikin farar jallabiya, ya naɗa rawani. Ya ce, "Nemo ƙarti biyu." A kan kujera muka sauko da shi, yana ta faɗa wai muna jijjiga shi kamar buhun albasa. Muka hau tasi zuwa tsohuwar ƙofar.

Mutum bakwai muka tarar. Ya dafa kafaɗata ya tsaya, ya ce da wani saurayi, "Wa ya ba ka wannan takarda?" Saurayin ya ce wani babban malami ne, ba ya kuskure. Ustaz ya ce, "Ni ne. Na yi kuskure, ku yafe mini." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya soke layi na huɗu da hannunsa. Amm Shahata ya kawo masa kujera yana cewa, "Ashe kai ne ka hana ni barcin safe shekara guda!"

Yanzu an sake takardar. A ƙarshen kowane layi akwai sunan wanda ya taka da ƙafarsa ya gani, da ranar. Layin da ya wuce wata uku ba a taka ba, a soke shi. Ya kuma kafa doka: Juma'ar farko baƙo ya ci ful kyauta, ta biyu kuwa sai ya zo da tsaraba, tsarabar ita ce abin da ya samu ba daidai ba. Ya ce wanda ya zo da "komai lafiya" shayi ma ba zai gani ba. Mahasin ta zo da gyara uku rigis. Ya sa aka ƙara mata ƙwai, ya kuma zauna ya rubuta mata takardar roƙo kan jinkirin da aka jawo mata, an karɓa.

Yumma, sunana yana kan layuka goma sha huɗu, da rubutunsa mai kyau. Na san Nafisa za ta ce na ƙara gishiri, wai Ustaz Daffallah ya nemi gafara a bakin titi. To ba ni kaɗai na gani ba. Amm Shahata yana wurin, da Girgis mai tasi, da Hamad da Siddig da suka ɗauki kujera. Siddig ne ma zai kawo miki wannan wasiƙa, ki tambaye shi.

Ki huta lafiya.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Taifur