Ƙafar Asabe da Dokar Wata Uku

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar Jiha mai wakiltar mazaɓarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Bawa mai jirgi na Wara, wanda ya riƙa ƙetare da kai zuwa makaranta kana ƙarami. Har yau in aka ambaci sunanka a rediyo sai na ƙara murya. Saboda haka ba faɗa na zo yi ba, ɗana, kuka na kawo.

Na farko, bara da damina matata Asabe tana sayar da bandar kifi bakin hanya a Yelwa, motar wata ma'aikatar gwamnati ta ƙwace ta take mata ƙafa. Direban bai gudu ba, shi ya kai ta asibiti, Allah ya saka masa. Amma sai da aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Na biyu, mun daɗe muna jinya. Manyan ma'aikatar suka zo dubiya, suka ce mu yi haƙuri, za a duba lamarin. Muka yarda. Wa ke tuna kotu alhali yana wanke wa matarsa ciwo?

Na uku, da shiru ya yi yawa muka kai ƙara. Ba a ko kira shaidu ba aka kori ƙarar. Lauya ya fahimtar da ni cewa dokar jiha ta ce mai ƙarar ma'aikacin gwamnati kan aikinsa wata uku gare shi, in ya wuce shi ke nan. A ranar, Asabe ta ɗaura zanenta na Salla, ta dogara sanduna har cikin kotu don ta faɗi abin da ya same ta. Ko sunanta ba a tambaya ba.

Na san an yi dokar don kada ƙararraki su hana ma'aikata aiki. To, mai kwance a gadon asibiti fa?

Roƙona, ku tsawaita wa'adin, kuma a fara lissafi daga ranar da aka sallami majinyaci. Sannan a sanar da dokar a rediyo da Hausa da Gunganci da Kambarci, don mutanen bakin ruwa su sani. Tamu ta riga ta wuce, na baya nake ji.

Asabe tana gaishe ka. Ta ce kada in tsananta maka, ba kai ka rubuta dokar ba. Na ce gaskiya ne, amma kai muka tura inda ake gyara ta.

Allah ya yi maka jagora, ya ji ƙan Innarka, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Bawa mai jirgi, Wara