Muryar da Na Kunna wa Baƙi

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randa a tsakar rana, inuwar da nake gudowa idan kasuwa ta gasa ni, uwar 'ya'yana, farin watan gidana. Sallama gare ki, irin sallamar mai laifi da ke tsaye a bakin ƙofa, takalmansa a hannu.

Ki dubi ikon Allah! Ni da bakina ke ciyar da ni, ni da zan sayar wa mutum tayar mota ya tafi yana godiya kamar kyauta na ba shi, yau kwana tara na kasa haɗa kalma uku a gabanki. Rufi ɗaya ya rufe mu, amma ga ni ina rubuto miki wasiƙa kamar wanda ke ƙetaren teku.

Kin san yadda na ƙwallafa rai a kan amfilifayar nan, na'urar ƙara sauti. Shekara biyu ina zarya shagon kayan sauti, ina shafa ta kamar maraƙin da nake ciniki. Ranar da na shigo da ita, baƙa wuluk, nauyi kamar buhun siminti, ke kika goge kantar da za ta zauna a kai, kika janye tukunyar furenki daga jikin taga don sifikoki su samu wurin tsayawa. Kika yi dariya kika ce Allah ya sa ta fi tsohuwar rediyonmu, wadda sai an dake ta take magana. Ina ma a nan na tsaya!

Mai shagon ya taɓa gaya min cewa kiɗa kowace na'ura za ta iya, amma muryar mutum ita ce jarrabawa. Da na tara abokaina a falo ranar Asabar da la'asar, na yi ta kunna musu kiɗa suna gyaɗa kai, har wani tela a cikinsu ya taɓe baki ya ce ai ta gidan surukinsa ta fi wannan fitar da murya. Nan fa shaiɗanin burga ya hau kaina. Ba zan ce hannuna ne ya zame ba, masoyiya. Na iya ƙarya, sana'a ta koya min, amma ba zan sayar miki da ita ba. Da idona biyu na lalubo waƙarki na kunna.

Waƙar nan! Shekara bakwai ke nan, ina kwance a asibiti bayan hatsari, ƙafa a rataye, ana korar masu dubiya da an buga ƙararrawa. Kika ɗauki wayata kika fita bakin matakala, kika rera min ita a hankali don in riƙa ji idan ba kya nan. Da kika miƙo min wayar kika ce, "Kai kaɗai fa." Ke da ko gaban ƙannenki ba kya ɗaga murya! Amanar da na yi shekara bakwai ina ɗauke da ita daga waya zuwa waya, ita na zube a gaban ƙarti huɗu don a ce kayana sun fi na surukin tela.

Muryarki ta cika falo kamar ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Sai wani mai gilashi a cikinsu ya maƙale murya yana kwaikwayonki, ya ce ashe da zabiya nake zaune, in ba su aro ranar biki. Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Wayyo, ni ma na yi! Ina ɗago kai na gan ki a bakin labule da tiren shayi. Kika ajiye, ko cokali bai yi ƙara ba, kika juya. Tun ranar kina gaishe ni, kina yi min komai, amma ɗan amon nan da kike yi a maƙoshi in kina guga ya ɗauke. Gidan ya zama rijiyar da ta ƙafe. Me zan yi da na'urar da ke girgiza taga, alhali tsuntsuwar gidana ta yi shiru?

Jiya da safe, da kika raka yara makarantar Islamiyya, na zauna ni kaɗai na sake kunnawa. Tsinanniyar na'urar ta yi aikin da aka ce tana yi, ta fito min da abin da ƙaramar sifikar waya ta ɓoye shekara bakwai. Tsakanin baiti da baiti na ji kina haɗiye kuka. Na ji numfashinki yana karyewa kina ɗinke shi. Can nesa kuma na ji muryar yayanki yana cewa, "Share fuskarki kafin ki shiga, kada ya gane." Ashe likita ya gaya muku ƙafar ba lallai ta tsira ba? Ashe murmushin da kike shigo min da shi kullum a matakala kike ɗaura shi? Kuka kike yi, zinariyata, kukanki na kunna wa mutane suka yi dariya!

Ban ce ki yafe yau ba. Mai ciniki ne ni, amma wannan ba abin tayi ba ne. Ga katin memorin da waƙar ke ciki a ambulan nan, na goge ta waya, babu wani kwafi a duniya. In kin so ki adana, in kin so ki karya. Idan har kunnena zai sake jin waƙar nan, to daga bakinki ne, ranar da kika ga dama. In ranar ba ta zo ba, zan zauna cikin shirun da na jawo wa kaina, ina sonki a cikinsa.

Naki, da kunyarsa da komai, har ƙasa ta rufe masa ido,
Mijinki.