Rasuwar Malam Wahabu Issa, Wanda Ya Mai da Garaji Makaranta

Cikin alhini mai nauyi, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Hukumar Kamfanin Sufuri na Mono da Oti, da ma'aikatanta na Sokodé da na reshen Dapaong, suna sanar da jama'a cewa sun samu labarin rasuwar Babban Makanikin kamfani kuma Sarkin Direbobinsa, dattijon arziki, Malam Wahabu Issa, wanda Allah ya yi wa cikawa da la'asar ranar Asabar, 12 ga Maris, 1938, a gidansa da ke unguwar Didaouré a Sokodé, bayan jinyar ciwon ƙirji ta kwana tara. An yi jana'izarsa washegari da hantsi, kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ɗan gidan fataken goro ne, ya kuma kama aiki da kamfanin nan shekara goma sha uku da suka wuce, yana mai ɗora kaya a motarmu ta farko. Bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, Faransancinsa kuma bai wuce na gaisuwa da sunayen ƙarafa ba, amma Allah ya hore masa kunne da haƙuri, ta yadda kafin a shekara huɗu babu injin da ba ya iya kwancewa ya mayar. Abin da ya fi wannan shi ne bai taɓa ɓoye abin da ya sani ba. Kullum bayan sallar azahar, idan aka sauke akushi a rumfar garaji, sai ya ce duk direban da ya dawo daga hanya ya ba da labarin abin da ya same shi, ko taya ce ta fashe, ko birki ne ya ƙi kamawa, ko gangancinsa ne ya jefa shi rami. Shi ne ke farawa da nasa kuskuren, dokarsa kuma ita ce ba a yi wa mai labari dariya sai shi ya fara yi wa kansa. Wani lokaci yakan sa a tada inji, kowa ya juya baya, ya faɗi abin da kunnensa ya gaya masa. Babu wanda ya ɗora masa wannan aiki, kuma hukuma ta daɗe tana ɗaukarsa hirar cin tuwo kawai.

Hukuma na ganin wajibi ne ta faɗi a bainar jama'a abin da ya faru a 1935, domin a nan ne marigayin ya ceci mutane, ya kuma ceci kamfani daga kuskurensa. A shekarar, babban ofishinmu na Lome ya aiko da littafin horo cikin Faransanci, tare da umarnin cewa duk direban da bai ci jarrabawar rubutu ba, to za a raba shi da mota, a ba samarin da suka fito daga lakwal. Direbobi goma sha ɗaya ne abin zai shafa, dukansu magidanta. Ni mai wannan sanarwa, a matsayina na tafinta, ni na karanta musu umarnin, kuma ban manta yadda aka bar akushi a rufe ranar nan ba. Malam Wahabu bai ta da murya ba. Ya sa na karanta masa littafin tun daga farko har ƙarshe, cikin kwana huɗu, sannan ya ja ni gaban Baturen da ke duba rassa ya ce: "Akawu, gaya masa littafin nan gaskiya yake faɗi, har da abin da ban sani ba, amma bai taɓa tura mota a hawan Bafilo ba. Ina roƙon Bature ya ba ni rani ɗaya in shirya su."

Aka ba shi. Ya haɗa kowane tsohon direba da sabon ɗan lakwal a mota guda, tun daga tashar jirgi ta Blitta har Mango, wannan ya fassara wa wancan shafi, wancan ya nuna wa wannan inda ake sauya giya kafin gangara. Da farko abin bai yi daɗi ba, har sai da Malam Salifu, ɗaya daga cikin tsofaffin, ya sauke abokin tafiyarsa a kasuwar Kara ya yi gaba abinsa. Marigayin ya sasanta su, ya mai da su mota ɗaya. Da rani ya ƙare, ya roƙa a yi jarrabawar da baki, a gaban inji. Tara daga cikin goma sha ɗayan suka haye, sauran biyun kuma, waɗanda idonsu ya fara rauni, aka dawo da su garaji, babu wanda aka sallama. Malam Salifu da wanda ya taɓa saukewa a Kara, wato Awudu, su ne ke riƙe da hanyar Mango har yau.

Lokacin da kamfani ya buɗe reshen Dapaong, marigayin ya yi damina biyu a can, ya kuma nuna cewa shi ma ɗalibi ne. Wata ranar kasuwar Nano motar gyaɗa ta nutse a laka a hannunsa, duk da Lamboni, wani magidanci daga mutanen Moba da ke aikin dako, ya yi masa kashedi tun daga nesa. Da aka fitar da motar, bai ji kunyar tambayar Lamboni yadda ya gane ba, shi kuma ya nuna masa irin ciyawar da ke tsirowa inda ƙasa ke ɓoye ruwa. Washegari Sarkin Direbobi ya sauka daga kujerarsa, ya ɗora Lamboni, shi ya zauna a tabarma tare da sauran direbobi, ya ce: "Yau ga malaminmu." Tun daga wannan damina ba a ƙara samun motarmu ta nutse tsakanin Nano da Gando ba. Lamboni kuwa, wanda marigayin ya koya wa tuƙi da Hausa rabi da yaren Moba rabi, yanzu shi ne babban direban reshen.

Ko da yake rashin yana da girma, hukuma na tabbatar wa abokan hulɗarta, masu audugar rimi da masu gyaɗa da masu man kaɗe, cewa ilimin Malam Wahabu bai bi shi kabari ba, domin ya raba shi tun yana raye ga mutum fiye da arba'in. A kwanakin jinyarsa motoci biyu sun lalace a hanya, kuma waɗanda ya horar ne suka tashe su ba tare da an aika masa tambaya ba. Da aka ba shi labari, ya yi murmushi ya ce to madalla. Saboda haka hukuma ta yanke cewa daga yau zaman bayan azahar ya shiga cikin lokacin aiki a Sokodé da Dapaong, babu mai kula da ma'aikata da zai tashe shi, kuma duk sabon ma'aikaci, ko akawu ne, sai ya yi tafiya uku tare da tsohon hannu kafin a ba shi nasa aikin.

Hukuma na miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Malama Memounatou, da 'ya'yansa, Huseini da Rahinatou da Adiza, da ƙaninsa Malam Fuseini Issa, da Mai Girma Limamin Didaouré, da Sarkin Zongon Dapaong, da ɗaukacin 'yan uwa da abokan arziki. Allah ya jiƙansa da rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana, ya ba iyalansa haƙuri da juriyar ɗaukar wannan rashi, ya albarkaci bayansa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Za a yi addu'ar bakwai ranar Juma'a, 18 ga Maris, da safe, a ƙofar gidansa. Motar kamfani za ta tashi daga Dapaong ranar Laraba, ta bi ta Mango da Kara, ta ɗauko duk mai son zuwa. Iyalan marigayin sun shaida mana cewa idan ya koma gida ba ya ba da labarin aikinsa, har babban ɗansa ya ce sai a wurin jana'iza ya san mahaifinsa malami ne. Don haka muna roƙon duk wanda ya koyi wani abu a hannunsa, komai ƙanƙantarsa, ya tsaya bayan addu'a ya faɗa wa 'ya'yansa.

Sa hannu:
Malam Alassani Issaka
Babban Akawu, Tafinta kuma Kakakin Kamfanin Sufuri na Mono da Oti
Sokodé, Litinin, 14 ga Maris, 1938