Na Ce Masa Ƙura

Tashar Funtua, 9 ga Satumba, 1985

Ya Rahab, sanyin idona, ruwan randa a tsakar bazara, furen audugata mai buɗewa da hantsi!

Kawu Bitrus da dattawan da na aika garinku Ƙarfi neman aurenki sun dawo da goronsu ko kwance shi ba a yi ba. Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba.

Kin tuna bara da na same ki a masussuka, ke da ƙanwarki Dorkas kuna shiƙar dawa, ƙaiƙayi yana zagaya ku, rana tana haska shi? Ran nan na ba ki labarin tagwayen taurari, sababbin haihuwa, masu kewaya juna, ƙura ta yi musu ƙawanya kamar faifai. Ƙwayar ƙura ta manne wa 'yar'uwarta su zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, sannu a hankali har a sami duniya sukutum. Kika ƙyalƙyale da dariya, kika ce in matsa kada duniya ta faɗa mini a ido. Wayyo, wannan dariyar!

To ranar da na je gaishe da mahaifinki, Baba Amos, kafin in aika dattawan, da ya tambaye ni abin da zan je Turai in karanta har shekara uku, me ya hana in ce kimiyya in ja bakina? Sai na washe haƙora na ce ƙura. Ƙura, Rahab! A gaban mutumin da ƙurar injin gurzar auduga ta cinye wa ƙirji shekara ashirin, har ba ya iya jan waƙa a coci! Ya daɗe yana tari, sannan ya ce, "Ɗana, mu nan gudunta muke yi. Wanda zai ƙetare teku nemanta, ban san da me zai riƙe mini 'ya ba."

Me zan ce masa? Masanan ma ba su tabbatar ba ko ja-in-jar taurarin biyu tana barin ƙurar ta dunƙule, ko watsa ta take yi. Abin da za ni nema ke nan, kuma wa ya sani ko zan samo? Ba zan iya fasa tafiya ba, ba zan sa ki saɓa wa mahaifinki ba, ba ni ma da bakin cewa ki jira ni. Amma don Allah ki jira ni!

Direba yana ta ƙwala kira. Motar Kano ta cika, saura mutum ɗaya, kuma ni ne.

Naki ke kaɗai, ko a ba ni ko a hana ni, har numfashina ya ƙare,
Istifanus